Tambayoyinku: Diego Garcia, tsibirin da ke da kwamishina da alƙali amma ba shi da ɗan ƙasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tunda aka fara yawan ambaton Diego Garcia a labarai, yau a ce jiragen yaƙin Amurka sun sauka can gobe a ce Birtaniya za ta miƙa shi ga Mauritius, saƙonni ke ta shigo mana a kansa, shi ya sa na ce bari a bar masa filin gaba ɗaya a wannan karon. Wasu tambayoyin iri ɗaya ne sai na haɗe su, wanda bai ga tasa yadda ya rubuto ba ya yi haƙuri amsarsa na ciki.

TAMBAYA: Malam don Allah wai ina Diego Garcia ɗin nan yake ne? Na duba taswira har idona ya gaji ban gan shi ba, kuma sunan ya yi min kama da na mutanen Kudancin Amurka. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗalibi ba laifin idonka ba ne, wurin ne ƙarami, a taswirar duniya ko ɗigo ba kasafai ake sa masa ba. Ka nemi tekun Indiya, ka ɗora yatsa a ƙarshen ƙasar Indiya ta kudu ka gangaro ka wuce tsibiran Maldives, toh can ƙasa da su kamar kilomita 500 za ka tarar da wasu 'yan tsibirai da ake kira Chagos, sun kai wajen 60, Diego Garcia shi ne babbansu kuma shi ne can kudu. Daga shi zuwa Indiya kusan kilomita 1,800 ne, zuwa gaɓar Tanzaniya wajen 3,500, ita kanta Mauritius da ke cewa nata ne ta fi kilomita 2,000 nesa da shi. Sunan kuma tun zamanin matuƙan jiragen ruwan Fotugal ne da suka riƙa ratsa tekun a ƙarni na 16, ba ruwansa da Kudancin Amurka.

Yadda tsibirin ya samu ma abin a tsaya a kai ne. Asali dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙarƙashin teku, murjani, wato wasu ƙananan halittun ruwa da ke taruwa su ƙafe kamar dutse, ya yi ta girma a gefensa yana zagaye shi, shi kuma dutsen yana ta nutsewa a hankali cikin miliyoyin shekaru har ya ɓace, sai zoben murjanin ya rage a sama, yashi ya taru a kai, itatuwa suka tsiro. Shi ya sa idan ka ga hotonsa daga sama ba dunƙulalliyar ƙasa za ka gani ba, siririyar ƙasa ce da ta lanƙwasa ta kusa haɗe baki, tsawonta ya haura kilomita 60 amma faɗinta a wasu wuraren 'yan ɗaruruwan mita ne kawai, inda ya fi faɗi ma bai kai kilomita 3 ba. Duka ƙasar tudun ba ta wuce murabba'in kilomita 30 ba. A tsakiya kuma ruwa ne kwance lumui, tsawonsa wajen kilomita 21 faɗinsa 11, ƙofarsa na arewa inda wasu ƙananan tsibirai uku suka tsaya a baki. Sojojin Amurka sun ce siffarsa ta tafin sawun mutum ce.

Toh wannan ruwan na tsakiya shi ne dukiyar wurin, ba kwakwa ba ba kifi ba. Yana da zurfin da manyan jiragen ruwa za su shiga su yada zango, igiyar teku ba ta damunsu, kuma da yake tsibirin na kusa da layin da ya raba duniya biyu, digiri 7 ne kawai kudu da shi, manyan guguwar teku da ke addabar su Madagaska da Mauritius ba sa cika biyowa ta nan. Ka haɗa wannan da nisan da ya yi da kowa, babu maƙwabci mai leƙe babu ɗan jarida babu zanga-zanga, amma kuma jirgin yaƙi in ya tashi zai kai Gabas ta Tsakiya da gabashin Afirka da kudancin Asiya, ka ga dalilin da ya sa sojoji suka maƙale masa.

Matsalarsa ɗaya ƙasa-ƙasa yake sosai, yawancinsa bai fi mita 2 sama da ruwan teku ba. Ya tsira daga igiyar tsunami ta 2004 ba tare da wata babbar ɓarna ba, amma hauhawar ruwan teku da zaizayar gaɓa kam suna nan suna cin sa a hankali.

TAMBAYA: Ni abin da ya ɗaure min kai, wani gidan rediyo ya ce sansanin Amurka wani ya ce yankin Birtaniya. Tsakani da Allah na waye, kuma wa ke mulki a can, akwai gwamna ne ko shugaban ƙasa? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama duk su biyun ba su yi ƙarya ba. Tsarin da aka kafa tun 1965 shi ne ƙasar ta Birtaniya ce, sansanin da ke kai kuma Amurka ce ta gina ita ke da kusan komai a ciki. A ranar 8 ga Nuwamba 1965 Birtaniya ta ƙirƙiro wani sabon yankin mulkin mallaka ta sa masa suna Yankin Birtaniya na Tekun Indiya, ta yanko Chagos daga Mauritius, ta yanko wasu tsibirai uku daga Seychelles wato Aldabra da Farquhar da Desroches, waɗannan ukun ta mayar a 1976 da Seychelles ta samu 'yanci. Ki lura da shekarar fa, lokacin da ake ta sauke tutar Ingila a ƙasashen Afirka lokacin ne aka ɗinka wata sabuwa a nan. A ranar 30 ga Disamba 1966 kuma suka yi musayar takardu da Amurka cewa za a yi amfani da yankin don tsaro na shekara 50, da damar ƙarin 20, ƙarin da ya fara a 2016 zai kai 2036. Ba kuɗin haya aka yanka ba, abin da ya fito daga baya shi ne Amurka ta yi wa Birtaniya rangwamen dala miliyan 14 a cinikin makamai masu linzami na Polaris.

Babu gwamna babu shugaban ƙasa babu majalisa babu zaɓe. Wanda ke kan gaba ana ce masa Kwamishina, Sarkin Ingila ke naɗa shi, kuma ba a tsibirin yake zaune ba, yana Landan a ma'aikatar harkokin waje, ma'aikacin gwamnati ne da ofis da teburi. Shi ke yin doka shi kaɗai, ya rubuta ya sa hannu ta zama doka, yana da mataimaki da wani jami'in gudanarwa su ma a Landan. An ma sha haɗa wa mutum ɗaya wannan kujera da ta Kwamishinan yankin da Birtaniya ke iƙirari a Antatika, wato mutum guda yana riƙe da ƙasashe biyu kuma duk cikinsu babu talaka ko ɗaya da zai kawo masa ƙorafi.

A can tsibirin wanda ke tsaye a madadinsa wani hafsan sojan ruwan Birtaniya ne mai muƙamin kwamanda, shi ake kira Wakilin Birtaniya. Wannan bawan Allah hulunansa da yawa, shi ne kwamandan 'yan sojojin Birtaniya da ke wurin waɗanda 'yan gomomi ne kawai, shi ne majistare, shi ke binciken musabbabi idan wani ya rasu, shi ne ma mai rajistar aure. A ƙarƙashinsa akwai 'yan sanda da jami'an kwastam da na shige da fice, yawanci sojoji ne aka ba su wannan aikin. Saboda haka sojan Amurka da ya sauka daga jirgin Amurka a filin da Amurka ta gina, jami'in Birtaniya ne zai duba kayansa. Yankin na da Kotun Ƙoli tasa da kotun ɗaukaka ƙara, daga nan sai kwamitin shari'a na majalisar Sarki a Landan, alƙalan ma ba a can suke zaune ba sai in shari'a ta taso.

Rayuwar yau da kullum kuwa ta Amurka ce zalla. Dala ake kashewa, a hannun dama ake tuƙi ba hagu irin na Ingila ba, kantuna da wurin cin abinci da asibiti duk na sansanin sojan ruwan Amurka ne. Akwai titin saukar jirgi mai tsawon sama da mita 3,600, daga nan jiragen B-52 da ire-irensu suka riƙa tashi a yaƙin Tekun Fasha na 1991 da na Afganistan a 2001 da na Iraki a 2003, a 2025 ma an ga jiragen B-2 jere a wurin lokacin da ake kai wa 'yan Houthi hari a Yaman. A cikin ruwan tsakiyar nan akwai manyan jiragen dakon kaya da ke tsaye shaƙe da tankoki da harsasai da mai suna jiran ranar da za a buƙace su, sannan akwai na'urorin hangen taurarin ɗan Adam da ɗaya daga cikin tashoshin da ke kula da GPS, wannan da wayarki ke nuna miki hanya da shi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, wurin na da tuta da kotu da 'yan sanda da kan sarki da lambar waya tasa ta +246, duk kayan gwamnati sun cika, amma dokar da ta kafa tsarin mulkinsa ta 2004 ta faɗa ƙarara cewa babu wani mahaluki da ke da haƙƙin zama a yankin. Mutum dubu biyu zuwa huɗu da ake samu a can kowane lokaci duk baƙi ne masu wa'adi, sojoji da ma'aikatan kwangila. Kuma wannan ba haka Allah ya halicci wurin ba, shirya shi aka yi da gangan, tambaya ta gaba za ta nuna miki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, da ma can babu mutane ne a tsibirin kafin sojoji su zo? Na ji wani yana cewa fanko aka tarar da shi. Daga wani dattijo mai bibiyar filin nan.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, wanda ya faɗa maka haka maganar da gwamnatin Birtaniya ta so duniya ta yarda da ita ya maimaita. Gaskiya ne kafin ƙarni na 18 babu kowa, amma a ƙarshen wannan ƙarnin Faransawa daga Mauritius suka buɗe gonakin kwakwa suka kawo bayi daga Madagaska da Mozambik, Birtaniya ta karɓi tsibiran tare da Mauritius a yarjejeniyar Paris ta 1814, bayan an hana bauta aka ƙaro leburori daga Indiya. Jikokin waɗannan mutane suka zama al'umma guda da harshensu na Kiriyol da ƙauyukansu da coci da makabarta, suna fasa kwakwa ana tatsar mai, suna kamun kifi suna kiwon kaji, a Diego Garcia da sauran tsibiran Chagos irin su Peros Banhos da Salomon. Zuriya bayan zuriya a nan aka haife su a nan aka binne su.

Amurka ta ce tana son tsibirin ba kowa a kai. Ita kuma Birtaniya ta san in ta amsa cewa akwai 'yan asalin wuri, dokar Majalisar Ɗinkin Duniya za ta tilasta mata ta riƙa kai rahoto a kansu tana kula da ci gabansu har su kai ga mulkin kai, sai aka shirya cewa ai leburorin kwangila ne 'yan Mauritius da Seychelles da suka zo ci-rani. Takardun sirrin da aka buɗe daga baya sun nuna jami'an Landan na rubuta wa junansu cewa abin da ake so shi ne 'yan duwatsu da babu ɗan asali a kai sai tsuntsayen teku.

Korar ba rana ɗaya aka yi ta ba. A 1967 gwamnati ta saye gonakin gaba ɗaya, daga 1968 duk wanda ya tafi Mauritius asibiti ko ziyara sai a ce masa babu jirgin komawa, aka rage kawo abinci da magani, a 1971 da sojojin gine-gine na Amurka suka sauka aka kwashe mutanen Diego Garcia, aka tara karnukansu aka kashe da hayaƙi suna ji suna gani, aka loda su a jirgin dakon kaya kowa da ɗan abin da hannunsa zai iya ɗauka. Na ƙarshe sun bar Peros Banhos a 1973. Adadin da aka fi ambata tsakanin mutum 1,500 ne zuwa 2,000. Aka zube su a tashar jirgin ruwan Port Louis, babban birnin Mauritius, da Seychelles babu gida babu sana'a, mutumin da bai san komai ba sai kwakwa da teku ya tsinci kansa a unguwar marasa galihu, da yawa baƙin ciki da talauci suka kashe su. Diyyar da aka bayar fam 650,000 ce a 1972 wadda ta yi shekaru kafin ta isa hannunsu, sai fam miliyan 4 a 1982 da sharaɗin su dangwala yatsa cewa sun yafe komawa, waɗanda aka kai Seychelles ko wannan ba su samu ba.

Har yau in aka bi ɓangaren gabas na tsibirin, wanda ba a shiga sai da izinin Wakilin Birtaniya, akwai kangon gidan manajan gona da cocin da kaburbura a wurin da ake kira East Point, jakunan da suka bari kuma sun hayayyafa sun zama na daji. Jakunan doka na kare su.

TAMBAYA: Tsibiri a tsakiyar ruwan gishiri, ina suke samun ruwan sha? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya daga sama. Ana tafka ruwa a can sosai, wajen milimita 2,600 a shekara, babu kogi babu rafi, ruwan sai ya nutse cikin yashi da murjani ya taru a ƙarƙashin ƙasa yana yawo a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi, kamar dai yadda mai ke tasowa saman ruwa a tukunya. Rijiyoyi marasa zurfi ake haƙawa a zuƙo shi a tace, kuma dole a bi a hankali don in aka zuƙa da yawa na gishirin zai taso ya ɓata shi. Abinci da mai da sauran kaya kuwa duk jirgi ke kawowa, na ruwa da na sama.

TAMBAYA: Ina labarin shari'ar da aka yi ta yi, kuma da gaske an mayar wa Mauritius? In an mayar mutanen za su koma gida kenan? Daga wani lauya mai neman sani.

AMSA: Barista ai kai ya kamata ka ba mu wannan, amma bari in taɓa. Shari'ar kashi biyu ce kuma mutane na yawan cakuɗa su, akwai ta 'yan Chagos da ke neman komawa gida, akwai ta ƙasar Mauritius da ke neman mallaka, ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan.

Ta farko wani ɗan Peros Banhos mai suna Olivier Bancoult ya jagoranta, a 2000 Babbar Kotun Landan ta ce dokar da aka kore su da ita haramtacciya ce, murna ta kaure, sai a 2004 gwamnati ta bi ta bayan gida ta fitar da sabuwar doka da sunan Sarauniya ba tare da an kai ta majalisa ba ta sake rufe ƙofar. Ya sake kai ƙara ya ci a 2006 ya ci a 2007, a 2008 kotun ƙarshe ta Majalisar Dattawa ta ba gwamnati gaskiya da alƙalai uku a kan biyu. A 2010 kuma aka ayyana tekun yankin, murabba'in kilomita 640,000, a matsayin wurin da aka hana kamun kifi don kare halittu. Tekun kam ya cancanci karewa, murjaninsa na cikin mafi lafiya a duniya, ga kunkuru ga tsuntsaye ga ƙatuwar kaguwar kwakwa, amma wata wasiƙar ofishin jakadancin Amurka da shafin tona asiri na WikiLeaks ya fallasa ta nuna wani jami'in Birtaniya na cewa wannan zai sa komawar mutanen ta yi wuya, wanda zai koma tsibiri a hana shi kamun kifi me zai ci? A 2015 wata kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa ta ce yadda aka ayyana wurin ya taka haƙƙin Mauritius.

Ta biyun ta fi tafiya da sauri. Hujjar Mauritius ita ce a 1965 tana ƙarƙashin mulkin mallaka aka matsa wa shugabanninta su Seewoosagur Ramgoolam suka yarda aka yanke Chagos a kan fam miliyan 3 kafin a ba su 'yanci a 1968, kuma wanda ke hannunka ba a cewa ya yarda da son ransa. Tarayyar Afirka ta mara mata baya. A ranar 25 ga Fabrairu 2019 Kotun Duniya da ke Hague, lokacin Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya ke shugabantarta, ta ba da ra'ayi da alƙalai 13 a kan 1 cewa Birtaniya ta tattara ta bar tsibiran da gaggawa, ɗayar da ta ƙi 'yar Amurka ce. A watan Mayu na shekarar babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan haka da ƙuri'a 116 a kan 6 ya ba ta wata shida. Birtaniya ta ce ra'ayi ne ba hukunci ba ta yi kunnen uwar shegu, amma abin ya riƙa cin ta ta gefe, har ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta daina amincewa da kan sarkin yankin a 2021.

Daga ƙarshe aka zauna teburi a 2022, aka sanar da daidaitawa a 3 ga Oktoba 2024, aka sa hannu a 22 ga Mayu 2025 tsakanin firaministocin ƙasashen biyu a lokacin, Keir Starmer na Birtaniya da Navin Ramgoolam na Mauritius, ɗan wancan Ramgoolam ɗin na 1965. Abin da takardar ta ƙunsa, mallakar Chagos duka ta Mauritius ce, amma Birtaniya za ta ci gaba da riƙe Diego Garcia na shekara 99 tana biyan abin da ya kama fam miliyan 101 a shekara in aka daidaita, sansanin na nan yadda yake, kuma sa hannu kaɗai bai isa ba sai ƙasashen biyu sun kammala amincewa da ita ta hanyar dokokinsu kafin ta fara aiki. A Birtaniya 'yan adawa sun yi ta surutu cewa an ba da ƙasa kuma ana biyan haya a kanta.

Batun komawa gida kuwa a nan ni abin bai kwanta min ba. Yarjejeniyar ta ba Mauritius dama ta tsugunar da mutane a sauran tsibiran in ta ga dama, ban da Diego Garcia, alhali nan ne mahaifar da yawa daga cikinsu. Takardar ta ce za a ware musu asusun fam miliyan 40, ka kwatanta da abin da za a riƙa biya duk shekara. Da yawansu, musamman waɗanda suka koma garin Crawley a Ingila bayan an ba su takardar zama 'yan ƙasa a 2002, sun ce ba a zauna da su ba, wasu mata biyu haifaffun Diego Garcia ma sun samo umarnin kotu da ya tsayar da sa hannun na 'yan awoyi a ranar. Wasu kuma irin su Bancoult sun goyi baya suna ganin ko ba komai ƙofa ta ɗan buɗe. Ni dai a ganina kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

TAMBAYA: Oga ana iya zuwa yawon buɗe ido ko neman aiki? Wani ya ce min ana biyan dala. Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanina dala kam ana biya, amma cire ranka. Babu jirgin fasinja da ke zuwa, babu otal, babu bizar yawon buɗe ido, jiragen soja ne ke kai mutane ta Baharain ko Singafo kuma sai sunanka na cikin takardar izini. Su kansu sojojin ba a barinsu su zo da iyali, yawanci shekara guda suke yi a sauya su. Ma'aikatan da ke girki da shara da gyaran injina kamfanonin kwangilar sojan Amurka ne ke ɗibarsu, mafi yawa daga Filifin sai wasu daga Mauritius. Masu ƙananan jiragen ruwa na kansu da ke ratsa tekun ana ba su izinin tsayawa na 'yan makonni a Salomon ko Peros Banhos, su ma ba sa kusantar Diego Garcia, masuntan Sri Lanka da Indiya da ke saɗaɗowa kuma jirgin sintiri na kama su a ci su tara. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka bizar Diego Garcia ka riƙe kuɗinka.

Waɗanda suka shiga ba shiri su ne wasu 'yan ƙabilar Tamil daga Sri Lanka da jirginsu ya lalace a kusa a Oktoba 2021 aka jawo su tsibirin suka nemi mafaka. Tsarin da aka gina don kada kowa ya zauna sai ya rasa yadda zai yi da su, aka killace su a tantuna cikin shinge sama da shekara uku har da yara, sai a Disamba 2024 aka kwashe yawancinsu zuwa Birtaniya, a watan ne kuma mai shari'a Margaret Obi ta Kotun Ƙolin yankin ta yanke cewa tsarewar da aka yi musu ta saɓa doka.

TAMBAYA: Da gaske ne can aka ɓoye jirgin Malesiya da ya ɓata, kuma wai akwai kurkukun sirri? Daga masu karatu da dama.

AMSA: Na jirgin MH370 da ya ɓace a Maris 2014 zance ne na intanet, babu wata hujja, ɓaraguzansa ma an tsinci wani a tsibirin Reunion a 2015 wasu kuma a gaɓar gabashin Afirka. Na biyun yana da ɗan tushe. Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana musantawa, sai a 2008 ministan harkokin wajenta David Miliband ya tashi a majalisa ya amsa cewa a 2002 jiragen Amurka biyu kowanne ɗauke da fursuna sun sauka a tsibirin sun sha mai, ya ba da haƙuri kan bayanin da aka bayar a baya. Iyakar abin da aka amsa a hukumance kenan.

TAMBAYA: Ni mai harkar kwamfuta ne, an ce adireshin intanet da ke ƙarewa da .io na wannan yankin ne, haka ne? 

AMSA: Haka ne ɗan'uwa. Kowace ƙasa ko yanki na da haruffa biyu nata a intanet, .io na Yankin Birtaniya na Tekun Indiya ne tun 1997, sai masu kamfanonin fasaha suka ga haruffan sun yi daidai da wata gajeriyar kalma ta sana'arsu suka yi ta saye, kamfani mai zaman kansa ne ke sayarwa ba wani ofishi a tsibirin ba, 'yan Chagos kuma sun daɗe suna ƙorafin ba sa ganin ko sisi daga ciki. In yankin ya daina wanzuwa da wannan suna aka cire shi daga jerin lambobin ƙasashe, ƙa'idar hukumar da ke kula da adireshin intanet ita ce a janye haruffan a hankali cikin shekara biyar ko fiye, ba dare ɗaya ba, .su na tsohuwar Tarayyar Sobiyat ma har yanzu yana aiki. In kana da shafi a kai ka ci gaba da harkarka, sai dai ba laifi ka yi rajistar wani adireshin na daban ka ajiye.

Sauran tambayoyin da suka shigo kan tsibirin Guam da Ascension sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, a ci gaba da turowa.